Wasiƙa Kan Rasuwar Kawu

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya aiki, ya kuma haƙuri da zaman nesa da gida? Allah ya sa a gama lafiya.

Saƙonka na ta'aziyya ya iso, na kuma karanta wa Inna, matar Kawu, shi tun daga farko har ƙarshe. Ta yi shiru na wani lokaci, sannan ta ce a gaya maka ta gode, Allah ya bar zumunci. Ka ce in ba ka labarin yadda abin ya kasance, ga shi waya ba ta barin mutum ya faɗi magana yadda yake so, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Kawu bai sha doguwar jinya ba. Tarin nan nasa da ka sani ne ya tsananta, numfashi ya riƙa yi masa wuya, aka kwantar da shi a asibiti, kafin mako ya zagayo rai ya yi halinsa. Da hankalinsa har ƙarshe, 'ya'yansa duka suna kusa da shi. Ya haura 70. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Duk wanda ya zo gaisuwa abu ɗaya yake faɗi: mutumin kirki ne. Gaskiya ne, amma har raina na ji maganar ta yi masa kaɗan. Ai kowane mamaci haka ake cewa a kansa. Kawu ya san abubuwa, ya iya abubuwa, kuma yadda yake riƙe da cizal, ƙarfen da yake fere katako da shi, haka yake riƙe da gidansa, ba garaje, ba ha'inci. In ba a rubuta ba, nan da 'yan shekaru jikokinsa abin da za su sani kawai shi ne kakansu kafinta ne. Kai ne mutumin da zan yi wannan hirar da shi ba sai na yi dogon bayani ba, tunda tare muka share garin katako a gabansa lokacin hutun makaranta.

Ka tuna tarin falankan da yake jerawa a bayan wurin aikinsa? Mu a lokacin gani muke yi tsabar son tara kaya ne. Yakan ɗaga su daga ƙasa a kan bulo, ya sa ƙananan sanduna tsakanin kowane falanki da na samansa, sandunan kuma a saitin juna tun daga ƙasa har sama, ya rufe saman don rana da ruwa, ya bar gefe a buɗe iska ta riƙa ratsawa. Bakin kowane falanki sai ya shafe shi da ragowar fenti. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce ta baki katako yake saurin zubar da ruwansa, in bakin ya riga tsakiya bushewa sai ya tsage. A jikin kowanne akwai watan da ya shigo, da fensir. Ƙa'idarsa ita ce wadda kafintoci suka daɗe da ita: katako mai ƙarfi, kaurin inci 1, a ba shi kamar shekara 1 kafin a taɓa shi.

Autansa, wanda ya karanci fannin gine-gine, shi ya zo ya sa wa abin lissafi wata rana muna hira. Ya ce ɗanyen katako ba ya fara tsukewa sai ruwan da ke jikinsa ya sauko ƙasa da wajen kashi 30 cikin 100, daga nan ne yake motsi, kuma motsin a faɗi yake yinsa, a tsawo kusan babu. Ko a faɗin ma ba daidai yake tafiya ba: ta yadda zoben shekarun itacen suka kewaya yakan tsuke kusan ninki biyu na yadda yake tsukewa daga tsakiya zuwa ɓawo. Dalilin da ya sa falanki yake lanƙwashewa ya zama kamar kwano ke nan. Kawu ya saurara har ya gama, ya ce, "To, madalla. Kuɗin makaranta bai tafi a banza ba, ka gano abin da na gaya maka kana ɗan shekara goma." Muka yi ta dariya. Amma na lura daga baya ya sa yaron ya maimaita masa lissafin, ya rubuta a bangon da yake rubuta awo.

Wannan sanin ne ya sa aikinsa yake daɗewa. Ba ya ɗaure saman teburi da ƙafafunsa tamau. Ramin da ƙusa mai murɗi za ta shiga yakan ɗan ja shi ya yi tsawo, don in iska ta yi laima katako ya buɗe, in ta bushe ya koma, ba tare da ya tsage ba. Allon tsakiyar ƙyaure ba ya sa masa gam, sai ya zaunar da shi cikin kwarmi ya bar masa 'yar sarari. Wani mai sayen ƙofa ya taɓa ƙwanƙwasa allon ya ji yana ɗan motsi, ya ce aikin bai yi ƙarfi ba. Kawu bai yi musu ba, ya ce masa ya je ya dawo bayan damina biyu su sake magana. Mutumin ya dawo, amma da odar ƙofofin sauran ɗakunan gidansa.

Abin da na fi son kallo shi ne lokacin da yake haɗa kabad. Ya riga ya haƙa rami a wannan katakon, ya fere harshe a wancan, kaurin harshen kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon, ba ya wuce haka. Sai ya haɗa su a bushe tukuna, babu gam, ya ga ko sun shiga da bugun tafin hannu. In sai an sa guduma da ƙarfi, ya yi matsi, zai fasa. In ya faɗa da kansa, ya yi sako-sako, gam ba zai cece shi ba. Bayan ya sa gam ya matse, kafin ya bushe, sai ya ciro tef ya auna daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, ya sake aunawa ta ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, ko da bambancin milimita 2 ne, sai ya sassauta ƙarfen matsin ya ɗan karkata shi, ya sake aunawa, leɓensa a cije, fensir a bayan kunne. A babban aiki kuwa, inda sukwaya, wato ma'aunin kusurwa, ta yi ƙanƙanta, sai ya auna santimita 60 a gefe ɗaya, 80 a ɗayan, in tsakaninsu ya ba da 100 cif, kusurwa ta tsaya. Mu sai da muka shiga sakandare aka koya mana wannan da sunan Pythagoras, muka haddace don jarrabawa. Shi da shi yake ciyar da gida.

Ga kuma washi. Ka san ba ya fara aiki sai ya zauna da dutsen washinsa. Ya ɗiga mai, ya kwantar da bakin cizal a karkace yadda ya saba, wajen digiri 25 zuwa 30 in ji autan, ya yi ta kai da kawowa har sai ya ji ɗan ƙarfe ya tanƙwaro ta baya, sannan ya juya ya goge bayan a kwance. Gwajinsa shi ne gashin damtsensa na hagu, shi ya sa wurin kullum a aske yake. Yakan ce dakusasshen ƙarfe ne ke yanka mutum, domin shi ake dannawa da ƙarfi har ya kuɓuce. Ya yi sama da shekara 50 tsakanin zarto da inji, ya koma ga Ubangijinsa da yatsunsa goma cif. Wanda ya san kafintoci ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan kabad, inda zai jingina da bango ba mai sake ganinsa, sai ya bi shi da sanfefa kamar gaba. Ƙarƙashin durowa ma haka. A nan ne muke saɓawa da shi, ni dai har yau ina ganin wani abin ɓata lokaci ne. Amsarsa ba ta canzawa: mai kaya ba ya gani, amma shi ya gani. In ka matsa masa sai ya tuna maka cewa Annabi Zakariyya, alaihis salam, kafinta ne, kamar yadda ya zo a Sahih Muslim, don haka ba sana'ar da za a yi wa riƙon sakainar kashi ba ce.

To, gida.

Ka bar nan kafin ciwon Inna, don haka wannan ɓangaren ba ka gan shi da idonka ba. Lokacin da ɓarin jikinta na dama ya shanye, kowa ya ɗauka 'ya'ya mata ne za su ɗauki jinyar. Sun yi iya ƙoƙarinsu, amma kowace tana da nata gidan. Kawu ne ya rage aiki ya koma rabin yini. Shi ke tayar da ita, shi ke taimaka mata ta yi alwala, shi ke murza mata yatsun hannun da ya mutu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mai gashin ƙashi na asibiti ya nuna masa, safe da yamma, babu fashi. Mutumin da ba ya iya zaman minti biyar babu abin yi a hannunsa, sai ga shi yana zaune yana jiran ta haɗa kalma guda, ba ya ƙarasa mata, domin an ce masa in ana ƙarasa mata ba za ta koya ba.

Wata rana na shiga na same shi a durƙushe gabanta da tef, yana auna daga diddigenta zuwa bayan gwiwa. Tana ta faɗa da rabin baki, wai ita ba katako ba ce. Kujera yake son yi mata. Ya ce mini kujerar da aka saba yi tsayin mazauninta wajen santimita 45 ne, amma mai rauni a ƙafa in mazauni ya yi ƙasa ba ya iya tashi, in kuma ya yi sama da yawa ƙafa ba ta taka ƙasa sosai. Sai ya ɗaga nata kaɗan, ya yi mata hannuwa masu faɗi da suka ɗan zarce gaba, yadda za ta dafa da hannun hagu ta miƙe. Sau uku yana rage ƙafafun kujerar, kaɗan-kaɗan, yana sa ta gwada. Ranar da ta tashi da kanta ba wanda ya kama ta, bai ce komai ba, ya tattara kayan aikinsa ya fita tsakar gida ya daɗe a can. Bayan haka ya bi bango da makama tun daga gado har banɗaki, ya cire dokin ƙofa, matakalar shiga kuma ya mai da ita gangare. Autan ya gaya masa ƙa'idar ita ce duk hawan santimita 1 a ba shi tsawon 12, ya ce wannan karon lissafin boko ya yi gaskiya, ya bi shi.

Yanzu Inna tana takawa da sanda, tana magana ana ganewa. Likitoci sun yi nasu, Allah ya yi ikonsa, amma ni shaida ne a kan hannun da ya yi wahalar.

Ka kuma san 'ya'yan ƙaninsa marigayi su uku a hannunsa suka tashi. Abin da wataƙila ba ka sani ba, ƙaramarsu sai da ta yi wayo sosai kafin ta gane ba shi ya haife ta ba, kuma a waje ta ji. Duk yaron da ya shiga makaranta a gidan, nasa ko na ƙaninsa, sai ya yi masa ɗan teburin karatu daidai tsayinsa, in ya girma a miƙa wa na baya. Shi bai yi nisa a karatu ba, amma ba ya kwana bai duba littafin kowa ba. Ba darasin yake dubawa ba, layin yake dubawa, ko rubutu ya miƙe, ko an yi datti. In magariba ta yi kuwa, ko wane ne ya zo da aiki, ko nawa zai biya, ya rufe ke nan. Yana da magana a kan haka: aiki zai kwana ya same shi da safe yadda ya bar shi, yaro kuwa ba haka yake ba.

Kada in mai da shi waliyyi, kai ma ka san halinsa. Alƙawarin lokaci ba nasa ba ne. In ya ce mako biyu, mai hankali ya sa wata guda a ransa. Ba ƙarya yake yi ba, har zuciyarsa ya yarda zai gama, sai ya ga wani falanki bai yi masa ba ya ajiye ya nemi wani. In ka yi ƙorafi ya ce sannu ba ta hana zuwa. Yabo kuma ba ya fita daga bakinsa. Yaron da ya yi shekara yana koyo a gabansa, ranar da ya yi aiki mai kyau abin da zai samu shi ne Kawu ya shafa wurin da yatsa ya wuce bai ce a sake ba. Wasu yaran sun gudu saboda haka, kuma ban ga laifinsu ba.

Batun kuɗi ne ya fi ciwo. Babban ɗansa har yanzu yana da abin a ransa, mun yi maganar da daddare bayan mutane sun watse. Ya ce da Baba ya yarda ya yi irin aikin da kasuwa take so, da ba su sha wuyar da suka sha ba. Yana nufin allon nan na garin katako da ake matsewa da gam a masana'anta, a lulluɓe shi da leda mai sheƙi. Aikinsa sauri, ga kyau a ido, mai saye ba ya tambaya. Kawu ya ƙi shi ƙememe, ya ce abin da in ruwa ya taɓa shi zai kumbura ya ruguje, gefensa kuma ba ya riƙe ƙusa da kyau, ba zai sa hannunsa a kai ba. Abokan sana'arsa da suka karɓe shi sun yi gidaje, sun sayi motoci. Shi kuwa akwai lokutan da kuɗin makaranta sai da aka roƙi a ɗaga masa ƙafa.

Na rasa yadda zan ba ɗan nasa rashin gaskiya gaba ɗaya. Wanda aka koro daga aji shi ya san zafin abin, ba ni ba. Kuma allon nan yana da wurinsa: a busasshen ɗaki, ga wanda ƙarfinsa ke nan, ba zamba ba ne in an gaya masa abin da yake saye. A ganina da Kawu ya yi duka biyun, ya bar mai saye ya zaɓa. Amma ga abin da na gaya wa ɗan nasa: babu ɗayansu da bai gama makaranta ba, su da 'ya'yan ƙaninsa, kuma tunda aka yi rasuwar nan ba a samu mutum ɗaya da ya zo ya ce yana bin mamacin bashi ba. Waɗanda suka zo da maganar kuɗi duk biya suka zo yi, har da wani da littafin Kawu bai ma nuna sunansa ba. Ya yi shiru, bai ce ya yarda ba, ni ma ban matsa ba.

Abu ɗaya ne nake jin haushinsa a kai har yanzu, Allah ya yafe masa: taurin kai a kan lafiyarsa. 'Yarsa ma'aikaciyar jinya ta kawo masa abin rufe hanci da na toshe kunne ba sau ɗaya ba, ya rataye su a ƙusa suka yi ƙura. Ta gaya masa tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na cikin hanci, ban da asma da take tayarwa. Ta gaya masa ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, in mutum yana yini a cikinta, tana cin kunne a hankali, injin yanka katako kuwa yakan kai wajen 100. Ya ce shi da kunne yake gane ko zarto ya dakushe, in ya toshe da me zai ji? Ƙarshenta kunnen ya tafi, a shekarunsa na baya sai an ɗaga murya. Ba zan ce ƙura ce ta kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma mutumin da ba ya barin yaro ya tura katako a inji da hannu sai da sanda, ya kamata ya ji tausayin ƙirjinsa shi ma. Yaran da ke wurin yanzu na ce musu a wannan kam kada su yi koyi da maigidansu.

Ya bar aiki ɗaya bai gama ba, gadon jariri na jikarsa da ake jira. Ya riga ya yanka komai, ya haƙa ramukan, ya sa wa kowane katako lamba. Ɗaya daga cikin tsofaffin yaransa, wanda yanzu yake da nasa wurin da nasa yaran, ya zo ya ce a bar masa. Na tsaya ina kallonsa yana aunawa tsakanin sandunan gefe, ya ce Kawu ya bar tazarar ƙasa da santimita 6 don kada jikin jariri ya zurma ta tsakani kansa ya maƙale. Ya haɗa gadon a bushe tukuna. Ko ɗaya bai buƙaci gyara ba. Ya ƙi karɓar ko kwabo, da aka matsa masa har ransa ya ɓaci.

Kayan aikin kuwa 'ya'yan sun daidaita a kan kada a sayar. Injinan za su zauna a hannun yaran wurin su ci gaba da aiki, suna ba Inna wani abu duk wata. Ƙananan kayan hannu aka raba. Inna da kanta ta ce a ware maka ƙaramar sukwayar nan mai bakin tagulla, wadda yake ba mu mu ja layi da ita. Ta ce ko ba ka zama kafinta ba, kai ne ba ka taɓa mayar da ita ba a goge ba. Tana wurina. Ka gaya mini ko in ba wani mai zuwa wajenku ya taho maka da ita, ko in ajiye har ka zo.

Sai roƙo biyu. Na farko, ka kira Inna da kanka. Da hantsi ta fi sakewa, kuma ka yi haƙuri da maganarta, kada ka ƙarasa mata kalma. Na biyu, autan yana tattara abin da mutane suka tuna game da mahaifinsa don a ajiye wa jikoki, har da hotunan ayyukansa da ke gidajen mutane. In ɗan akwatin da ya yi maka lokacin da za ka tafi makarantar kwana yana nan, ka ɗauki hotonsa ciki da waje, musamman kusurwoyin, ka turo tare da duk abin da ka tuna, ko da na faɗan da ya yi mana ne.

Ka gai da maiɗakinka, ka shafa mini kan yara. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Wassalam.

Naka,
Amininka